Wa Za Ka Iya Faɗa Wa Ranar da Ka Koma Ruwa?

Akwai wani yawo da kusan duk iyalin da suka yi jinyar mai shaye-shaye suka sani. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa saboda ba ya barci, ya kulle kansa a ɗaki, ba ya son ganin kowa. Likita ya dube shi ya ce ya je ya daina shan ƙwaya tukuna, in jikinsa ya washe sai a duba damuwar. A ɗauke shi zuwa cibiyar masu shaye-shaye, su kuma su ce ai wannan ciwon damuwa ne ke cinsa, har yana cewa gara ya mutu, ba huruminmu ba ne, a mayar da shi asibitin ƙwaƙwalwa. Ƙofa biyu, kowace tana nuna 'yar'uwarta. Kafin a gama zirga-zirga, ɗan kuzarin da ya sa mutumin ya buɗe baki ya ce "ku taimake ni" ya riga ya tsiyaye.

Laifin ya wuce na likita ɗaya. A ƙasashe da yawa an gina jinyar shaye-shaye daban, jinyar ƙwaƙwalwa daban, kowace da kasafinta da ma'aikatanta da irin horonta. Cutar ce dai ba ta san da wannan rabon gado ba. Binciken da aka yi ta maimaitawa a Amurka ya nuna kusan rabin waɗanda shaye-shaye ya kama za su haɗu da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Wani damuwa ce ta fara kama shi, ya gano kwalba ɗaya tana ba shi barcin da ya rasa. Wani ƙwayar ce ta fara, ta bar masa fargaba da zargin cewa ana bin sa. Wani kuma abu ɗaya ne ya haifi duka biyun, wani mugun abu da ya same shi yana yaro, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wannan ƙadangaren in ya shiga, ƙara tsaga bangon yake yi. Don haka tambaya ta farko ga duk wanda za ka damƙa wa kanka ko ɗan'uwanka ita ce: kuna duba biyun tare, ko ɗaya kuke ɗauka? In ya ce ɗaya, ka tambaye shi da wa yake aiki a kan ɗayar, kuma ko suna magana da juna. In ya yi ta kame-kame, ka riga ka samu amsa.

Masu neman jinya suna da yawa, masu samu kaɗan ne. Rahoton 2024 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ce mutum miliyan 64 ne ke fama da larurar shan ƙwaya a duniya, kuma ɗaya cikin 11 ne kawai ke samun jinya. A wajen mata abin ya fi muni: ɗaya cikin 18, alhali maza ɗaya cikin 7 ne. Wanda ya daɗe yana nema yakan rungumi duk wanda ya fara ce masa "zo", kuma a nan 'yan damfara ke cin kasuwarsu.

Yana da kyau mutum ya san wa ke yin me, don sunayen suna rikita mutane. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙware a wannan fanni, shi ke da ikon rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam mai aikin asibiti yakan yi gwaji ya gano larura, ya yi jinya ta hanyar tattaunawa, amma a yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani. Akwai ma'aikatan jinya da suka ƙware a ƙwaƙwalwa, akwai jami'an walwalar jama'a, akwai masu ba da shawara da aka horar musamman kan shaye-shaye, wasunsu ma sun taɓa faɗawa ramin sun fito. Abin lura shi ne kalmar "mai ba da shawara" ba ko'ina doka ta tsare ta ba. A Birtaniya ma kowa na iya kafa allo ya kira kansa da wannan suna. Saboda haka ba rashin kunya ba ne ka ce: ina ka yi karatu, wace hukuma ce ta yi maka rajista, wa ke duba aikinka? Gwani na gaske ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya murtuke fuska don an tambaye shi takardarsa, da walakin.

Kafin a kai ga zama ana tattaunawa, akwai maganar jiki, kuma nan ne jahilci ke kisa. Mutumin da ya daɗe yana shan giya kullum, in ya yanke ta rana ɗaya, cikin sa'o'i hannunsa zai fara rawa, gumi ya karyo masa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana na ɗaya ko na biyu. Wasu kuma bayan kwana biyu zuwa huɗu sukan shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, yanayin da yakan kashe in ba a asibiti ake ba. Haka ƙwayoyin barci da na kwantar da hankali irin su diyazafam: ba a yanke su, a hankali ake rage su a ƙarƙashin kulawar likita, wani lokaci har tsawon watanni. Duk mai ba da shawarar da ya ce wa irin wannan mutum "ka yi ta maza ka daina daga yau" ba tare da ya tambayi nawa yake sha, tun yaushe, ko ya taɓa jijjiga ba, bai san aikinsa ba, komai daɗin bakinsa.

Dangin hiroyin, wato su kodin da tiramadol da fentanil, nasu haɗarin ta wata fuska yake zuwa. Barin su azaba ce: ciwon ƙashi, amai, gudawa, hamma ba iyaka, rashin barci. Amma ba kasafai azabar kanta ke kisa ba. Abin da ke kisa yana zuwa ne bayan an "wanke" mutum. Jikin da ya saba da ƙwaya mai yawa, in ya huta mako biyu ko uku, juriyarsa ta sauka. Ranar da ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ko daga cibiyar jinya suka fi kowane lokaci haɗari. Cibiyar da ta kwantar da mutum kwana goma, ta sallame shi da murmushi da takardar yabo, ba shirin abin da zai biyo baya, ta kai shi bakin rijiya ne ta juya.

Akwai magunguna, kuma abin takaici har yanzu wasu masu jinya, wato masu aikin kula da masu shaye-shayen, suna ƙyamar su. Tun tsakiyar shekarun 1960 Vincent Dole da Marie Nyswander suka nuna a birnin Niyok cewa metadon, in ana ba da shi kullum a ma'auni, yana sa wanda hiroyin ta kama ya koma aiki da iyalinsa. Daga baya bufurenofin ya zo. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa duka biyun cikin jerin magungunan da ba a iya yi sai da su, kuma bincike ya nuna suna rage mutuwa da kusan rabi. Za ka ji ana cewa ai canza ƙwaya da ƙwaya ne. A ganina wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa a kan gawa ba. Ga giya akwai naltirekson da akamfuroset. Akwai kuma nalokson, wanda ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi, kuma ya kamata iyalin duk mai shan dangin hiroyin su san da shi. Hodar iblis da metamfetamin su ne har yau ba a samu maganin da aka amince da shi ba. Abin da ya fi aiki a kansu wata dabara ce mai kama da wasa: duk ranar da gwajin fitsari ya fito tsaf, a ba mutum ɗan tukuici, tukuicin ya riƙa ƙaruwa in ya ɗore. Mutane da yawa suna jin ta su taɓe baki, amma sakamakonta ya fi na wa'azi da tsawa.

Sai hanyoyin tattaunawa. Akwai wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, da aka fi sani da CBT, inda ake bin sawun tunanin da ke gaban aiki: me ya faru, me ka ce wa kanka, me ka ji, me ka yi. Akwai wadda William Miller ya bayyana a 1983, wadda mai jinya ba ya gardama da kai, tambaya yake yi har ka ji dalilan canzawa suna fitowa daga bakinka. Akwai kuma wadda ke shigar da mutum tafarkin matakai goma sha biyu na ƙungiyar AA ta mashaya giya masu taimakon juna su daina, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a garin Akron na jihar Ohayo a 1935. Kowace tana da mabiya masu rantsuwa cewa tasu ce kaɗai gaskiya.

An gwada su kuwa. A wani babban bincike a Amurka da ake kira Project MATCH, an raba mashaya giya 1,726 zuwa waɗannan hanyoyi uku, da fatan a gano wace hanya ce ta dace da wane irin mutum. Da sakamako ya fito a 1997, sai ga shi duka ukun sun yi aiki, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, duk da cewa ɗaya zama huɗu ce kawai, sauran biyun sha biyu-sha biyu. Wannan bai nuna cewa hanya ba ta da amfani ba, don duka ukun tsararru ne, masu horo ne suka gudanar da su. Abin da ya nuna shi ne in dai hanyar tabbatacciya ce, to hankalinka ya koma kan wanda ke riƙe da ita. Tun 1979 Edward Bordin ya ce dangantakar jinya ƙafa uku gare ta: ku yarda a kan inda za ku, ku yarda a kan abin da za ku yi don ku isa, sannan a samu aminci a tsakani. Daga lokacin zuwa yau bincike ɗaya bayan ɗaya yana tabbatar da cewa ƙarfin wannan dangantaka yana hasashen yadda jinya za ta ƙare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani bincike na Miller da abokan aikinsa a 1993. Sun saurari yadda masu jinya ke magana da mashaya, suka ƙirga sau nawa mai jinya ya ƙalubalanci mutum, ya yi masa gardama, ya tilasta masa ya amsa sunan mashayi. Bayan shekara guda suka koma. Gwargwadon yawan ƙalubalantar da aka yi wa mutum, gwargwadon yawan giyar da yake sha. Wannan ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa iyaye da 'yan'uwa, don mu a ganinmu wanda ya fi zafi shi ya fi gyara. Tunanin cewa sai an karya mutum kafin a gina shi ya daɗe. Ƙungiyar Synanon da Charles Dederich ya kafa a Kalifoniya a 1958 ta shahara da zaman da ake taruwa a kan mutum ɗaya a yi masa tas, cibiyoyi da yawa suka kwaikwaye ta, ita kuwa ta rikiɗe ta zama ƙungiyar asiri mai tashin hankali. Can ƙarshen wannan hanya akwai sarƙa. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa ko a kulle su a ƙasashe 60. Wurin da aka ce ba za ka ga ɗakin da ɗan'uwanka zai kwana ba, ko ba za ka yi magana da shi ba sai bayan watanni, ko ka ga tabo a wuyan sawun mazauna wurin, ka kama hannunsa ku juya.

Zaman farko yakan tona asirin mai jinya. Wanda ya san aiki tambaya yake yi fiye da jawabi. Zai so ya san me kake sha, nawa, da wa, da ƙarfe nawa, me ya faru ranar da ka gwada dainawa. Zai tambayi barcinka, da ko akwai mai irin wannan a danginku, da ko ka taɓa tunanin kashe kanka, kai tsaye, ba kwana-kwana. Kada wannan ta firgita ka: tambayar ba ta dasa tunanin, kuma wanda bai yi ta ba ya bar babbar ƙofa a buɗe. Wataƙila ya yi amfani da tambayoyi goma na Hukumar Lafiya ta Duniya kan shan giya, ko alamomi 11 da littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya jera tun 2013, inda alama biyu ko uku ke nuna larura mai sauƙi, huɗu ko biyar matsakaiciya, shida zuwa sama mai tsanani. Amfanin wannan ma'auni shi ne ya nuna abin hawa-hawa ne. Ba kowa ke buƙatar a kwantar da shi ba, wani zuwa sau ɗaya a mako ya ishe shi. Wanda ya yanke maka kwanciyar wata uku tun a waya, bai gan ka ba, gadonsa yake son cikawa. Wanda kuma ya yi maka alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari, ko bai sani ba, ko ya sani yana ƙarya.

Ka tambayi maganar sirri tun ranar farko, musamman in wani ne ke biyan kuɗin. Uba yakan ɗauka tunda shi ke biya, haƙƙinsa ne a ba shi rahoton abin da ɗansa ya faɗa. Mai jinya nagari zai gaya wa kowa a gaban kowa abin da zai riƙe da abin da dole ya fitar, kamar in rai na cikin haɗari ko ana cutar da yaro. Masu neman jinya ta intanet su ma su buɗe ido. Tana da amfani ƙwarai ga wanda ke nesa ko yake jin nauyin a gan shi a ƙofar asibiti, amma a 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp ya biya dala miliyan 7.8 kan zargin miƙa bayanan masu neman jinya ga irin su Facebook don talla. Kuma ba a cire giya daga jikin mutum ta allon waya.

Sau da yawa ma ba mai shan ne ke nema ba, uwa ce, ko mata, ko yaya. Su ma akwai tasu jinyar. Wata hanya da Robert Meyers ya tsara, CRAFT, tana koya wa iyali yadda za su yi magana ba zagi ba roƙo, yadda za su daina rufa wa shan asiri, yadda za su gane lokacin da zuciyar mutum ta yi laushi su miƙa masa tayin jinya. A wani gwaji da aka wallafa a 1999, kashi 64 cikin ɗari na iyalan da suka bi ta sun shawo kan mutuminsu ya shiga jinya, alhali dabarar taruwa a yi masa ƙawanya a tsare shi da magana kashi 30 ta samu. Ƙungiyoyin taimakon juna irin su AA, da takwararta ta masu shan ƙwaya, NA, da aka kafa a 1953, da SMART Recovery ga wanda salon matakai goma sha biyu bai kwanta masa ba, kyauta ne, kuma suna ba da abin da likita ba zai iya ba: mutumin da za ka kira da ƙarfe biyun dare. Sai dai ba sa rubuta magani, ba sa jinyar ciwon damuwa.

In ka yi zama uku ko huɗu ka ga kana ɓoye masa abubuwa don tsoron fuskarsa, ka faɗa masa. In bai gyaru ba, ka canza. Ba butulci ba ne. Amma ka bambance tsakanin mai jinyar da ya ƙasƙanta ka da wanda ya taɓa inda ke maka ciwo, don na biyun shi ne wanda zuciya ta fi son guje wa. Kuma abin na son lokaci: cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta daɗe tana cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne.

Duk wannan ya kawo mu ga ma'aunin da ni na fi yarda da shi. Waccan cibiyar binciken ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan koma ruwa, adadin da bai fi na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi ba. Ke nan komawa tana cikin lissafi. Alan Marlatt, wanda ya yi fice a binciken hana komawa a shekarun 1980, ya lura cewa sau da yawa abin da ke rusa mutum ba kurɓin farko ba ne, maganar da ya yi wa kansa bayan kurɓin ce: tunda na riga na ɓata, ni dama ba mai gyaruwa ba ne, bari in ƙarasa. Tuntuɓe ya zama faɗuwa. To tun a zaman farko ka tambayi mai jinya: in na koma na sha, me za ka yi? Akwai wuraren da amsarsu ita ce kora, wato su sallami mara lafiya don ya nuna alamar cutar da ta kawo shi.

Ka kwatanta saurayi da ya yi kwana 47 bai taɓa komai ba. Ya shigo ya zauna a bakin kujera, bai cire hannu daga aljihu ba, idonsa na kan ƙafar tebur. Ya yi ta zancen aiki da ciwon kai har rabin lokaci ya tafi. Can ya ce, "Likita, ranar Asabar na sha."

Likitan bai ja tsaki ba, bai kuma ce ba komai ba, don da komai. Ya ce, "Na gode da ka faɗa mini, na san ba sauƙi. Nawa ka sha? Adadin da ka saba, ko ƙasa da haka?" Ya tuna masa cewa jikinsa na yau ba na wata biyu da suka wuce ba ne, ya tabbatar akwai nalokson a gida, kuma yayarsa ta san inda yake. Sannan ya ce, "Mu bar Asabar tukuna. Faɗa mini ranar Alhamis."

Saurayin ya ɗago kai. Ashe ranar Alhamis ce ya yi faɗa da mahaifinsa, daren bai runtsa ba, Juma'a ya fasa zuwa taron 'yan'uwansa masu ƙoƙarin dainawa, da yamma ya bi ta layin da ya yi alkawarin ba zai ƙara bi ba, wai don ya fi kusa. Suka rubuta su ɗaya bayan ɗaya a takarda, suka sa alama a wurare uku da zai iya ɗaga waya ya kira wani. Likitan ya ce zai yi magana da mai rubuta masa magani kan rashin barcin, in ya yarda. Ya yarda. Daga nan ya buɗe littafinsa, ya soke ranar ganinsu ta mako mai zuwa, ya rubuta jibi.